"Na Makara" da "Neujeosseoyo": Shuɗaɗɗen Lokacin Koriyanci a Idon Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda Koriyanci yake ba da labarin abin da ya wuce, da yadda ɗalibi Bahaushe yake fama da wannan babi na nahawu. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ɗafa-ƙeyar -았/었- da littattafai suke kira alamar shuɗaɗɗen lokaci ta fi kama da shuɗaɗɗen lokacin Hausa a kan na Ingilishi, domin a Hausa da Koriyanci duka, kammaluwar aiki da halin da ya bari a bayansa su ne ginshiƙi. Da yake ta ƙofar Ingilishi ɗalibanmu suke shiga Koriyanci, wannan kusanci yakan ɓace musu, kurakuran da Hausa take jawo musu kuma ba wanda yake gargaɗinsu a kai. Misalan sun fito daga Koriyancin Seoul na yau da kullum, da abin da na gani a aji, ina ɗalibi da kuma ina taya na bayana karatu.

Gabatarwa

Da yawa daga cikin matasanmu masu sha'awar Koriyanci a gaban talabijin suka fara ta. Tun lokacin da fim ɗin Jumong, wanda tashar MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007, ya shigo kasuwanninmu a faifai, har zuwa yau da ake kallon irinsa a waya, kunnen yaranmu ya saba da amon harshen ko da ba su san ma'anarsa ba. Wasu sun tsaya a kallo, wasu suka zarce. Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010 tana koyar da harshen. Akwai jarrabawar iya harshen, wato TOPIK, mai matakai 6, wadda aka fara a 1997. Wanda kuma ya sami tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wato GKS, yakan yi shekara guda yana koyon harshe, ana kuma son ya kai mataki na 3 kafin ya shiga karatun digirinsa.

Ko ta wace hanya mutum ya biyo, da zarar ya iya karanta Hangul, wato haruffan Koriyanci, ya iya gaisuwa da ƙirga kuɗi, zai ci karo da tambayar da ba ta barin ajin ranar Litinin: 주말에 뭐 했어요? (jumare mwo haesseoyo?), wato "Me ka yi a ƙarshen mako?" Daga ranar ya shiga babin shuɗaɗɗen lokaci, kuma daga ranar malami zai fara ba shi aikin rubuta 일기 (ilgi), labarin yadda ya wuni.

Matsalar tana cikin littafin da ke hannunsa. An rubuta bayaninsa da Ingilishi, domin mai tunani da Ingilishi. Bahaushe yakan ɗauki abin da yake son faɗa ya juya shi zuwa Ingilishi, sannan ya sake juya shi zuwa Koriyanci, kamar mai zuwa Zariya daga Kano ya bi ta Legas. A hanyar yakan zubar da kayan da ya taso da su daga gida, waɗanda da sun yi masa amfani, ya kuma isa da wasu da bai san yana ɗauke da su ba.

Yadda ake ƙera shi

Aikatau a Koriyanci shi ne ƙarshen jimla, kuma a wutsiyarsa ake jera ɗafe-ɗafe. A ƙamus kowane aikatau yana ƙarewa da -다 (-da). In aka cire ta, saura saiwa. A jikin saiwar ake ɗafa alamar shuɗaɗɗen lokaci, sannan a rufe da ɗafa-ƙeyar da ke nuna matsayin wanda ake yi wa magana. Ɗauki 먹다 (meokda), "ci". Ga malami ko baƙo a ce 먹었어요 (meogeosseoyo), a taro ko labaran talabijin 먹었습니다 (meogeotseumnida), ga aboki 먹었어 (meogeosseo), a rubutun jarida ko na jarrabawa 먹었다 (meogeotda). Gaɓar 었 ba ta motsa ba a duka huɗun.

Wasalin ƙarshe na saiwa shi yake zaɓar sigar da za a ɗafa. In ㅏ ne ko ㅗ, sai -았-. In wani ne daban, sai -었-. Wannan ragowar jituwar wasali ce da ta fi ƙarfi a tsohon Koriyanci. In saiwar ta ƙare da wasali sai a sami haɗewa: 가다 "tafi" ya koma 갔어요 (gasseoyo), 오다 "zo" ya koma 왔어요 (wasseoyo), 마시다 "sha" ya koma 마셨어요 (masyeosseoyo), 배우다 "koya" ya koma 배웠어요 (baewosseoyo). Akwai kuma masu karya doka, waɗanda sai dai a haddace su rukuni-rukuni: 듣다 "ji" yakan ba da 들었어요 (deureosseoyo), 덥다 "yi zafi" ya ba da 더웠어요 (deowosseoyo), 모르다 "rashin sani" ya ba da 몰랐어요 (mollasseoyo). Ba zan daɗe a kansu ba, domin a nan Bahaushe da Bature da Balarabe duk wahala ɗaya suke sha.

Inda ya kamata a tsaya shi ne kan 하다 (hada). Shuɗaɗɗensa 했어요 (haesseoyo) ne, daga 하였어요. Littattafan Ingilishi suna ɗaukarsa wani abin mamaki, wai suna ne ake liƙa masa aikatau ya zama aiki. Mu kuwa da shi muka tashi, "yi" ne. 공부했어요 "na yi karatu", 일했어요 "na yi aiki", 전화했어요 "na yi waya", 요리했어요 "na yi girki", 말했어요 "na yi magana". Har wajen korewa ma, kalmar korewa 안 (an) tana shiga tsakanin sunan da "yi" ɗin: 공부 안 했어요. Ɗalibin da aka gaya masa cewa 공부 "karatu" ne, 하다 kuma "yi" ne, ba zai ga baƙon abu ba don an raba su. A ganina da wannan rukuni ya kamata a buɗe wa Bahaushe babin, domin da gaɓa guda, 했, zai iya ba da labarin rabin wuninsa tun ranar farko.

Bambancin da ke tsakanin harsunan a nan na muhalli ne. Hausa tana ɗora lokaci a gaban aikatau, haɗe da lamirin suna: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun. Koriyanci yana ajiye shi a baya, kuma ba ruwansa da mai aikin. 갔어요 kaɗai zai iya zama "na tafi", "ta tafi" ko "sun tafi", sai dai zancen ya nuna. Bahaushe bai saba ganin aikatau tsirara haka ba, shi ya sa za ka ga ilginsa kowace jimla ta fara da 저는 (jeoneun), "ni". Ba kuskuren nahawu ba ne, amma a kunnen ɗan Koriya ya yi kama da mai cewa "ni na tashi, ni na yi wanka, ni na karya".

Kunne kafin doka

Dokar -았- da -었- mai sauƙi ce a takarda, amma ta dogara ne kan bambance wasula biyu da kunnen Bahaushe yake ji a matsayin ɗaya. Hausa wasula biyar gare ta, da dogayensu da gajerunsu. Koriyanci yana da ㅗ, wanda ake tattara leɓɓa wajen furta shi, da kuma ㅓ, wanda ake buɗe baki a saki leɓɓa. Mu duka "o" muke ji. Ga 놓다 (nota), "ajiye", ga 넣다 (neota), "saka a ciki". Na farko 놓았어요 yake bayarwa, na biyu 넣었어요. Ɗalibin da ya ji 먹 a matsayin "mok" zai rubuta 먹았어요, kuma in ka tambaye shi zai karanto maka dokar daidai, ya ce ai wasalin "o" ne. Dokar ya sani, kunnensa ne ya ci amanarsa.

Rubutun boko na Koriyanci da gwamnatin Koriya ta Kudu ta fitar a 2000, wanda nake amfani da shi a nan don dole, ƙara dagula lamarin yake yi. Yana rubuta ㅓ da haruffa biyu, eo. Bahaushe kuwa ya saba abin da aka rubuta shi ake karantawa, sai ka ji ya ce "me-o-ge-os-se-o-yo", gaɓa bakwai a wurin huɗu.

Maganin yana cikin Hangul ɗin kansa. Lokacin da Sarki Sejong ya ƙirƙiro haruffan a 1443, aka kuma bayyana su ga jama'a a 1446, an raba wasula gida biyu, masu haske da masu duhu, kuma an sa rabon ya fito a zanen harafi. A ㅏ da ㅗ ɗan guntun layin yana dama ko sama, a ㅓ da ㅜ yana hagu ko ƙasa. Ɗalibi zai iya bin dokar da ido tun kafin kunnensa ya buɗe, muddin an raba shi da rubutun boko da wuri. Ta ɓangaren ㅆ kuwa muna da ɗan rabo, domin mai furta "hassada" bai yi nisa da 갔어요 ba. Sai dai a nuna masa cewa a gaban baƙi sautin yakan koma t, a gaban ɗan hanci kuma ya nashe ya zama n, kamar a 갔는데 da ake furtawa ganneunde.

Inda aka yi tarayya

Ɗalibi ya shigo aji bayan an fara darasi, sai ya ce 늦었어요 (neujeosseoyo). Littafin Ingilishi yakan yi dogon bayani a nan, domin a Ingilishi mutum yana cikin makara ne a yanzu, to me ya kawo shuɗaɗɗen lokaci? Bahaushe ba ya buƙatar bayanin. "Na makara" yake cewa tun yana firamare. Haka 늙었어요 "ya tsufa", 지쳤어요 "na gaji", 살쪘어요 "ya yi ƙiba", 남았어요 "ya rage", 닮았어요 "sun yi kama", 결혼했어요 "ya yi aure". A duk waɗannan, abin da ake nufi halin da ake ciki ne yanzu, wanda wani sauyi da ya kammala ya haifar. Wanda ya tsufa yana nan da tsufansa, wanda ya yi aure yana nan da iyalinsa.

Wannan ba dace ba ne kawai. A Koriyancin ƙarni na 15, abin da ya zama -었- a yau kalmomi biyu ne, mahaɗin -어 da aikatau 잇다, kakan 있다 na yanzu, mai ma'anar "kasance" ko "akwai". Ma'anar ginin ita ce an yi abu, kuma sakamakonsa yana nan. A hankali suka narke suka zama gaɓa ɗaya, ma'anarta ta faɗaɗa har ta ɗauki duk abin da ya wuce, amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Ta ɓangarenmu kuma, abin da muke kira a makaranta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, masana da dama sun nuna cewa kammaluwar aiki yake nunawa fiye da wucewar lokaci. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, da sunan da ke nufin kammaluwa ya kira shi. Sunan da muka ba shi a Hausa ne ya ɗan rufe mana ido.

Tarayyar ta kai har inda ba a zato. Yaro ya fasa gilashin motar babansa, ɗan'uwansa zai ce masa 너 이제 죽었다 (neo ije jugeotda), a zahiri "kai yanzu ka mutu", alhali uban bai ma dawo ba. Mu ma "ka shiga uku" ko "kashinka ya bushe" muke cewa, da lamirin kammaluwa, saboda abin da babu makawa sai ya faru kamar ya riga ya faru ne.

Sai ganga mai bayyana suna. Muna cewa "sun karanta littafi", amma "littafin da suka karanta". Ba mai cewa "littafin da sun karanta" a daidaitacciyar Hausa. Koriyanci ma yana sauya alama a daidai wannan muhalli: 책을 읽었어요 "na karanta littafi", amma 읽은 책 (ilgeun chaek) "littafin da na karanta", da -(으)ㄴ a maimakon -었-. Mai koyo ta Ingilishi yakan yi mamakin inda 었 ta shiga, har ya ƙirƙiro 읽었은 책, wanda babu shi. Wanda aka tuna masa "sun" da "suka" ya riga ya san cewa harshe yakan yi haka. Iyakar kamannin ke nan, ya kamata a faɗa: Hausa tana amfani da "suka" a tambaya da ƙarfafawa da jeranta labari, Koriyanci kuwa a waɗannan wurare -었- ɗinsa yake riƙewa. "Me suka ci?" 뭐 먹었어요? ne kawai.

Haka kuma 한국에 갈 때 da 한국에 갔을 때, waɗanda Ingilishi yakan fassara da abu ɗaya. Na farko "lokacin da zan tafi Koriya", na biyu "lokacin da na je Koriya". Wanda ya sayi tsaraba a na farko a Abuja ko a hanya ya saya, a na biyu kuwa a can. Hausa ta raba su tsaf, ba sai an ƙara kalma ba.

Inda Hausa take yaudara

Kada a ɗauka ina cewa duk inda Hausa ta sa "na" sai Koriyanci ya sa 었. Kurakuran da suka fi yawa a rubutun ɗalibanmu daga nan suke fitowa, kuma littattafan da ke hannunsu ba su san da su ba, domin ba kurakuran mai jin Ingilishi ba ne.

Babbansu shi ne jeranta aiki. Wata ɗaliba ta kawo mini ilginta na ranar Asabar, jimlar farko ita ce 어제 시장에 갔어서 고기를 샀어요. Na tambaye ta me take son cewa, ta ce, "Jiya na je kasuwa na sayi nama." Ga "na" biyu, ga 었 biyu, ta auna su daidai wa daida. Hausa tana maimaita lamirin lokaci a kan kowane aikatau: na tashi, na yi alwala, na yi salla, na koma na kwanta. Koriyanci kuwa, in aka haɗa ayyuka da -아서/어서, aikatau na ƙarshe ne kaɗai yake ɗaukar lokaci, na gabansa su jingina da shi: 시장에 가서 고기를 샀어요. Haka in mahaɗin dalili yake nunawa: 비가 와서 못 갔어요, "an yi ruwa, shi ya sa ban samu zuwa ba". Akan ji wasu matasan Koriya suna cewa -었어서 a hira, amma mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa. Abin da ya ƙara wahalar shi ne ba duk mahaɗai ne suke ƙin 었 ba. -지만 "amma" tana buƙatarta: 비가 왔지만 갔어요, "an yi ruwa amma na je". Saboda haka kowane mahaɗi sai an koye shi tare da halinsa, kamar yadda muke koyon suna tare da jinsinsa.

Na biyu sharaɗi ne. "In ka zo gobe, za mu tafi tare." Mun sa lamirin kammaluwa a kan abin da bai faru ba, saboda sai zuwan ya kammala tafiyar za ta yiwu. Koriyanci 내일 오면 (naeil omyeon) yake cewa, babu 었. In ɗalibi ya bi Hausa ya ce 왔으면, ya faɗa wani gini daban, wanda aka fi ji a wajen fata da buri: 왔으면 좋겠어요, "ina ma a ce ya zo". Haka "to, na tafi" da muke faɗa muna tsaye a bakin ƙofa. Wanda ya ce wa ɗan Koriya 갔어요 alhali ga shi a gabansa, sai an waiga a ga wa ya tafi. 갈게요 (galgeyo) ake cewa.

"Na sani" ma tarko ne. 알아요 (arayo) shi ne "na sani". 알았어요 (arasseoyo) kuwa "na gane" ne, ko "to, na ji", kuma in aka faɗe shi da wata murya yakan zama "na ji, ya isa haka". Ga kuma "na ƙoshi", wanda yake 배불러요 ba tare da 었 ba, da "na gaji" da yake da fuska biyu, 지쳤어요 mai 었 da 피곤해요 marar ita. Abin da ya raba su shi ne ajin kalmar a Koriyanci. In aikatau ne mai nuna sauyi, kamar tsufa ko makara, yana ɗaukar 었 ya ba da halin yanzu. In kalmar sifa ce, wadda a Koriyanci ake sarrafa ta kamar aikatau, to 었 a jikinta tana nufin halin ya wuce: 피곤했어요 na nufin a lokacin ina cikin gajiya. Ƙamus yana nuna ajin kowace kalma, 동사 (aikatau) ko 형용사 (sifa), kuma ya kamata ɗalibi ya saba duba wannan kafin ya dubi fassara.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda Hausa ba ta sa komai Koriyanci kuwa yake tilastawa. "Jiya akwai zafi." "Jiya war haka ina karatu." "Dā shi malami ne." A duka ukun bayanau ne ya ɗauki nauyin lokaci, "akwai" da "ina" da "ne" ba su sauya ba. Sai ɗalibi ya rubuta 어제 더워요, yana ganin ai ya riga ya ce 어제, "jiya", me kuma ake nema? Koriyanci yana son a faɗa sau biyu: 어제 더웠어요, 공부하고 있었어요, 선생님이었어요. Wannan kuskure ya fi na farko naci, domin ba wani abu ɗalibin ya sa da za a ce ya cire ba, gurbi ne da harshensa bai taɓa nuna masa cewa akwai shi ba.

Dā, taɓa, wai

Bari in ba da nawa abin kunyar. A makon da aka koya mana -었었-, wato 었 ninki biyu, na fahimce ta a matsayin alamar abin da ya daɗe da faruwa. Malamarmu, 'yar Koriya, tana zagaya aji tana tambayar kowa, ta zo kaina ta ce 결혼했어요? Na lissafa shekarun aurena na ga sun yi yawa, na gyara zama na ce 네, 결혼했었어요. Sai ta yi shiru, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce 아, 죄송해요, "ayya, yi haƙuri", ta wuce na gaba. Bayan an tashi ne ta fahimci abin da ya faru, ta yi dariya har da riƙe tebur. Da gaɓa ɗaya na rabu da matata, ita kuwa tana gida ba ta san an yi ba.

-었었- ba nisan lokaci take aunawa ba. Tana nuna cewa halin da aikin ya haifar ya yanke. Tunda 결혼했어요 na nufin "na yi aure, ina kuma ciki", ƙarin 었 sai ya zama "na taɓa aure" ko "dā ina da aure". Da an ce mini "dā" ce, da ban yi wannan kwaɓa ba. Haka 부산에 갔어요 da 부산에 갔었어요: a na farko mai yiwuwa mutumin yana Busan har yanzu, a na biyu ya je ya dawo. Kusan abin da ke tsakanin "ya tafi Kano" da "ya je Kano" ke nan.

Sauran gine-ginen wannan fanni kusan kowanne yana da ɗan'uwa a Hausa. -(으)ㄴ 적이 있어요 "taɓa" ce: 김치를 먹은 적이 있어요, "na taɓa cin kimci". -곤 했어요 ita ce "dā nakan". 먹은 빵 "burodin da na ci" ne, ya ƙare, 먹던 빵 kuwa "burodin da nake ci" na ajiye, ga sauransa nan. 갔대요 (gatdaeyo) "wai ya tafi" ne, labarin da aka ji a bakin wani. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne -더-, kamar a 사람이 많더라고요, da mai magana yake nuna cewa da idonsa ya gani a lokacin, yanzu yake tunowa. Ba mu da ɗafi irin wannan, amma muna da "na tarar" da "sai na ga": "na tarar da mutane maƙil". Wannan fassara tana kuma bayyana dalilin da ya sa ba a cika amfani da -더- a kan aikin da mutum ya yi da kansa da gangan ba. Mu ma ba ma cewa "na tarar na je kasuwa", sai in mutum ya yi abin ba a cikin hayyacinsa ba.

Girma a cikin aikatau

Tsakanin saiwa da 었 akwai gurbin -시-, alamar girmama wanda ya yi aikin. Su biyun sukan haɗe su zama 셨: aboki 갔어요, malami 가셨어요 (gasyeosseoyo). Ingilishi ba shi da abin da zai kwatanta wannan da shi, sai dogon sharhi a kan al'adun Gabashin Asiya. Yaron da ya tashi yana cewa "Baba sun fita", yana gaida dattijo da "kun tashi lafiya?" ko "an wuni lafiya?", ya san cewa girma yakan shiga cikin nahawu. Gaisuwar safe ga babba ma 안녕히 주무셨어요? ce, "kun kwana lafiya?", ga tsara kuma 잘 잤어요?. Kuskuren da akan yi shi ne mutum ya sa wa kansa 셨, musamman in yana maimaita sigar da aka tambaye shi da ita. An ce masa 드셨어요?, "kun ci?", sai ya amsa da 드셨어요 maimakon 먹었어요, ya zama ya girmama kansa da bakinsa. Masu koyo daga finafinan sarauta kuma sukan kwaso sigogin fada irin su 하였느냐, su yi wa malami tambaya da muryar sarki ga bafadensa.

Wasu aikatau ba ɗafi kawai ake yi musu ba, kalmar ce take sauyawa gaba ɗaya: 먹다 ta koma 드시다, 자다 ta koma 주무시다, 있다 ta koma 계시다. Wani ɗalibi ya rubuta a ilginsa cewa bai zo aji ba makon jiya saboda 할아버지가 죽었어요. Ta fuskar lokaci babu kuskure, wasalin ㅜ ne, ya sa 었 yadda doka ta ce. Na yi masa ta'aziyya, sannan na tambaye shi da Hausa, "In a gida ne, za ka ce kakanka ya mutu?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba Malam, ya rasu dai. Allah ya yi masa rasuwa." Na ce to su ma haka, kalmarsu 돌아가시다 ce, asalin ma'anarta "koma". Ya ce, "Kamar ya koma ga Mahaliccinsa?" Ya karɓi biron, ya soke layin, ya rubuta 할아버지께서 돌아가셨어요, ya haɗa 시 da 었 da kansa ba tare da na nuna masa ba.